Sunan Yankan Ɗantsoho

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Shekaru da yawa da suka wuce, a tashar mota, wani direba ya ce mini wai Ɗantsoho, ɗan ajinmu, ya halarci addu'ar mutuwarsa da ƙafarsa. Wai ranar taronmu na cika shekara ashirin da biyar da gama kwalejin horon malamai, ina ciki ina karanta sunayen waɗanda suka rasu, shi kuma yana tsaye a waje jikin taga, da aka shafa shi ma ya shafa. Na yi dariya. Na ce wa direban kakata ta fi shi iya ƙulla irin wannan, ita har waƙa take sa wa nata. Ni na rubuta sunan Ɗantsoho cikin mamata, kuma ba da ka na rubuta ba, takarda ce ta dawo mini daga garinsu.

Abin da ya tuno mini da zancen: yau aka yi zaman farko na shirya taron shekara hamsin, a gidan Alhaji Nu'uman. Mu bakwai. Nu'uman ne shugaba, don shi ya taɓa yin babban sakatare, kuma shi ke da kujeru masu laushi. Aka raba aiki, wannan abinci, wannan rumfa, wancan hulunan anko. Da aka zo kan jerin sunaye, na masu rai da na mamata, kowa ya duƙufa kan wayarsa. Sai na ji bakina ya ce, "Ku bar mini." Bai shawarce ni ba.

Nu'uman ya ce, "Dama kai ka binne na farko a takarda, Mainasara, sai ka ƙarasa aikinka."

Taro ranar 27 ga Disamba, a zauren tsohuwar kwalejin. Ɗan littafin taro zai tafi wurin mai bugawa farkon Disamba.

Litinin, 6 ga Oktoba

Matata Haulatu ta ce mutumin da ya shekara yana neman makullin kejin kaji shi ne zai nemo mutum hamsin da takwas. Shekara arba'in da uku muna tare, na san inda ake yin shiru.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na sauko da akwatin ƙarfe daga kan kwaba. Fayil ɗin taron 2000 yana nan, har da tsatsar ƙusar da na haɗa takardun da ita. Lokacin mamatanmu tara ne. Yanzu, da waɗanda na sani kawai, sun kai talatin da ɗaya.

Ambulan ɗin ma yana nan. A wancan zamani ba waya a hannun kowa, sai na aika wa kowa gayyata ta hannun mai garinsu. A gaba rubutuna ne, lokacin hannuna bai fara rawa ba: Malam Ɗantsoho, Babban Mutum, sunan garinsu ke nan. A baya wani ya rubuta da jan biro, "Allah ya yi masa rasuwa bara bayan girbi." Ba sa hannu.

Shekara biyar muna gado ɗaya mai hawa biyu, shi a ƙasa, ni a sama. Na-Sama yake ce mini, har ajin duka suka ɗauka. Shi ya koya mini lissafi a bayan kwalin sukari. Hula ɗaya muke da ita ta kirki, Juma'a nan ni, Juma'a mai zuwa shi. Da sakamakon jarrabawar fita ya zo, na ci, shi ya faɗi takarda ɗaya. Aka tura ni koyarwa. Na ce zan rubuta masa idan na zauna. To, ban san me ake kira zama ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

An buɗe mana guruf a waya. Tsofaffi ashirin da wani abu, kowa na aiko da murya ta minti bakwai, biyar daga ciki gaisuwa. Na tambayi adireshin mutum ɗaya, aka aiko mini da hoton fure da "barka da Juma'a", ranar Laraba.

Duk da haka aikin yana da daɗi, ban zata ba. Kowane suna ka ja, sai labari ya biyo shi. Wanda muka sani da tsoron kyankyaso ashe soja ya zama. Wanda ya fi kowa surutu a aji yanzu jikarsa ce ke riƙe masa waya tana maimaita masa abin da na ce.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Bayan masallaci na biya wa Malam Munzali. Shi ke jan mu salla tun muna kwaleji, shi zai yi addu'ar mamata a taro. Na ba shi jerin. Ya bi da yatsa a hankali, sai ya tsaya.

"Wannan ba suna ba ne."

Na ce sunansa ke nan, haka yake a rajista, Ɗantsoho Babban Mutum, kamar yadda aka rubuta kowa da garinsa.

Ya ce Ɗantsoho ai laƙabi ne. Yaro aka sa wa sunan kakansa, uwa ba za ta iya kiran sunan surukinta ba, sai a sakaya. Ya ce wancan karon ya bari ya wuce, amma yanzu mu ma muna bakin hanya, yana so ya ambaci kowa da sunan da aka raɗa masa ranar suna. "Kai da kuka yi gado ɗaya, mene ne sunansa na yanka?"



Shekara biyar. Na san yana munshari idan ya kwanta rigingine, na san ba ya cin kuɓewa, na san sunan jakin babansa. Ban san sunansa ba. Ban taɓa ma jin cewa akwai abin tambaya ba.

Da zan tashi Munzali ya ce, kamar mai zancen farashin gero, "Ni fa na taɓa jin wai an gan shi ranar taron nan, a waje." Na ce daga wa? Ya ce ya manta. Na ce tsufa ne, Liman. Ya ce yana iya yiwuwa.

Talata, 28 ga Oktoba

Na je tsohuwar kwalejin, yanzu sakandare ce. Aka buɗe mini sito. Rajistar shekarunmu gara ta yi karatunta ta gama, ta bar mana bango. Zauren taron yana nan da tagoginsa shida, darbejiyar da ke gefe ta yi girman da ban gane ta ba. Na tsaya jikin taga ta ƙarshe na leƙa ciki. Ana ganin mumbari sarai daga nan. Ban san me ya sa na gwada ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Babban Mutum. Na fita da sassafe, motar ta tsaya ko'ina aka ɗaga hannu. Ana ta sussukar gero a bakin hanya.

Na samu dattawa huɗu a inuwar masallaci, muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Na ce gidan marigayi Ɗantsoho nake nema.

Ɗaya ya ce, "Wanne?"

Suka shiga lissafo mini. Ɗantsoho mahauci. Ɗantsoho na bakin rijiya. Ɗantsoho mai kiɗan noma. Ɗantsoho gurgu, da ƙanensa wanda shi ma Ɗantsoho ne ta wajen uwa. Na ƙirga bakwai, suna gardama kan na takwas. Na ce wanda ya rasu shekara ashirin da shida da suka wuce, bayan girbi. Suka ce wannan ai mahaucin ne, ya haura tamanin, shi kaɗai ake ce wa Malam Ɗantsoho a lokacin don yana da almajirai biyu a zaurensa. Duk takardar da ta zo da sunan nan, shi za a nufa.

Na ce wanda nake nufi ya yi boko, ya je kwaleji a Daura.

"Oho, na gidan Malam Sadiq. Wannan ai bai mutu ba, sai dai in jiya." Suka ce ya daɗe da barin gari, yana can wajen iyaka, gyaran injuna yake. Shekara uku da suka wuce ya zo jana'izar yayarsa, da kansa ya shiga kabari ya karɓe ta.

Sai da na nemi ruwa.

Da na samu kaina na ce to mene ne sunansa na yanka? Suka ce sunan kakansa mana. Na ce kakan fa? Suka dubi juna. Maiturare ake ce masa. Ɗaya ya ce kamar Isa, ɗaya ya ce Isa ƙanen ne. Mafi tsufansu ya ce shi tun yana yaro Maiturare ya ji ana faɗa, kuma ba a aike shi ya tambaya ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na ba Haulatu labari tana tsince wake. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ɗago ba. Sai ta ce, "Malam, da takardar ta dawo, ka je ta'aziyya?"

Na ce lokacin ina shugaban makaranta, ga shirin taro a kaina.

"Jiya awa nawa ka yi a hanya?"

Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Da na je, da a zauren farko za a ce mini mahauci ne. Abin da kowane baƙauye ya sani ke nan, ba a cewa mutum ya mutu sai an je an zauna a tabarmar gidansu. Ni mai satifiket na karɓi jan biro.

Talata, 11 ga Nuwamba

Ban faɗa a guruf ba tukuna.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Injin ban ruwan lambuna ya ƙi tashi, na je shagon Cosmas neman fulogi. A Daura aka haife shi, babansa ne ya fara shagon, Hausarsa ta fi ta jikokina. Yana duba durowa na ce, kai da masu gyaran injuna ke zuwa wurinka, ko ka san wani dattijo Ɗantsoho daga wajen iyaka?

Bai ko juyo ba. "Baba Ɗantsoho na Kongolam? Shekaranjiya ma yana nan, kan bencin da kake zaune."

Na tashi na dubi bencin, kamar zan ga wani abu.

Cosmas ya ce babu injin da ke gagararsa, har daga Nijar ake ɗauko masa. Ya ce amma akwai tsokana. "In na ce masa wannan kayan na asali ne, sai ya ce, Cosmas, kar ka yi wa mamaci ƙarya. Wai shi an yi masa addu'a tun shekara ta dubu biyu, manyan mutane da manyan riguna, yana tsaye yana ji. Ni dai dariya nake, Baba. Ko ka san zancen?"

Na ce ba ni fulogin.

Wata biyu-biyu yake zuwa, in ji Cosmas. Shagon nan da gidana ba su kai tafiyar minti goma ba.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na faɗa wa Nu'uman shi kaɗai. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce mai bugawa na jira ranar biyu ga wata, shafi biyu ne, na masu rai da na mamata, kuma sunan ba zai zauna a tsakiya ba. Na ce a mai da shi na masu rai. Ya ce a'a.

"Wancan karon takarda ka gani ka kashe shi. Yanzu mai sayar da fulogi ka ji za ka tashe shi. Je ka gan shi da idonka, Na-Sama."

Rabon da wani ya kira ni haka, na manta.

Abin da ke cina ba tafiyar ba ce. Me ake ce wa mutum? Duk tatsuniyar da aka ba ni ina yaro, wanda ya dawo daga lahira shi ke da bayani. Ban taɓa jin wadda mai rai ne zai yi bayani ba.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Kongolam.

Na ɗauki tsohuwar rediyona da ta daina magana tun azumi, don kada in je hannu biyu. Manyan motoci jere a bakin hanya, 'yan acaɓa na ratsa su da jarkoki. Na tambayi mai shayi, ya nuna mini rumfa ta kwano bayan masu faci.

Yana zaune a kan buhu, inji a wargaje gabansa, ƙusoshin jere bisa girma a cikin faranti. Haka yake jera alli a kwaleji. Gemu fari fat. Ya rame, ko kuwa ni ne na yi ƙiba. Na yi sallama. Ya amsa, ya ɗago, ya dube ni kamar yadda ake duban inji kafin a taɓa shi.

"Na-Sama. Ka sauko?"

Ya tura mini jarka na zauna. Muka gaisa, iyali, gajiya, amfanin gona. 'Ya'yansa tara, jikoki ya ce ya daina ƙirgawa. Ya karɓi rediyon, ya buɗe bayanta, ya hura, ya ce ba abin da ya same ta sai rashin kula. Ya ce bayan jarrabawa babansa ya kwanta ciwo, shekara biyu, daga nan maimaita takarda ta fita ransa. Ya faɗa ba ɗaci, kamar labarin wani. Ya tambayi Nu'uman, ya ce har yanzu yana tafiya kamar mai ɗauke da tire? Ya tambayi Munzali. Ya san waɗanda suka rasu kusan duka, yana ji a sanarwar rediyo.

Na shirya magana tun daga Daura, na maimaita ta a mota. Da na zo sai na ji ina cewa za a yi taro, ga rana, ga wuri, kuma Liman yana son sunan kowa na yanka.

Ya ce, "A wane shafi?"

Na ce na masu rai.

"To masu rai ai ana kiransu su amsa. Bar shi Ɗantsoho. Na yankan ka adana tambayar sai ranar da ake bukata."

Yana murmushi. Ban iya gane ko wasa ne ba, shi kuma bai taimake ni ba. Ban tambaye shi zancen taga ba. Sau uku yana zuwa bakina.

Na ce zai zo? Ya ce, "Allah ya kai mu." Wannan amsar na san ta, ni ma na sha ba da ita.

Rediyon tana magana har muka iso Daura.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Na faɗa a guruf, a rubuce, layi uku. Na ce kuskuren nawa ne. Sai muryoyi suka fara shigowa. Wani ya yi kabbara. Wani ya ce dama shi bai taɓa yarda ba, alhali na tuna shi ya fi kowa ɗaga murya wajen amin. Wani ya tambaya ko addu'ar da aka yi masa tana nan a ajiye ko ta tashi. Munzali ya ce addu'a ba ta ɓata.

Talata, 2 ga Disamba

Littafi ya tafi. Mamata talatin, masu rai ashirin da shida, biyu ba labari. Su biyun na sa aka buɗe musu shafi na uku. Nu'uman ya ce ba a saba ba. Na ce ba zan ƙara binne kowa daga zaune ba.

Juma'a, 12 ga Disamba

Mai hula yana son awon kan kowa. Aka ce na Ɗantsoho fa? Na ce a yi masa irin nawa. Nu'uman ya ce ta yaya na sani. Na ce na sani.

Juma'a, 26 ga Disamba

Na ce wa Munzali shi zai karanta sunayen gobe, ni muryata ba ta kai. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na ce wa kwamiti ni zan tsaya ƙofa. Nu'uman ya ce tsohon shugaban makaranta a ƙofa kamar maigadi? Na ce ni kaɗai na san fuskar kowa. Ya dube ni, ya bar zancen, kuma na gode masa.

Na kira lambar da Cosmas ya ba ni sau biyu. Ba ta shiga, layin can ƙetare take kamawa.

Asabar, 27 ga Disamba

An yi. Ƙafafuna. Gobe na rubuta.

Lahadi, 28 ga Disamba

Tun ƙarfe tara ina ƙofa, littattafai a hannu ɗaya, hular Ɗantsoho a aljihun riga. Motoci suka yi ta shigowa. Wasu an riƙo su, wasu da sanda, ɗaya a keken guragu ɗansa na tura shi. Aka rungumi juna, aka yi ƙaryar "ba ka canja ba". Duk wanda ya zo, ko direba ne ko mai kawo ƙanƙara, sai na dube shi a fuska na tambayi sunansa. Wani direba har ya tsorata, ya ɗauka laifi ya yi.

Sha ɗaya aka fara. Ina jin jawabin Nu'uman ta lasifika, ya yi alkawarin taƙaitawa sau huɗu. Sha biyu ta wuce. Na fara gaya wa kaina cewa mutum yana da aikinsa, Asabar ranar ciniki ce.

Munzali ya fara karanta mamata ke nan sai ga babur. Ɗantsoho ya sauko daga baya, farar riga wankakkiya, ba guga, kai ba hula. Ya sallami ɗan acaɓan, ya tako a hankali, ya tsaya gabana.

"Nan ka tsaya wancan karon ma," ya ce. "Sai dai rigar ta fi wannan tsada."

Na ce wane karon.

Ya ce a rediyo ya ji sanarwa, ya rufe rumfa ya taho da kayan aikinsa a jiki, don bai yi niyya ba sai da safen. Ya iske ni a ƙofar nan da fayil, ina duba takarda. Ya yi mini sallama.

"Ka amsa, ban ce ba ka amsa ba. Amma ba ka ɗago ba. Ka ce, direbobi can gindin darbejiya, za a kawo muku abinci."

Ban tuna ba. Na yi ta lalube a kaina tun jiya, babu. Amma muryata ce, na san ta. Haka nake magana a shekarun nan.

Ya ce bai ji haushi ba, dariya ma ta kama shi. Ya ce bari ya zauna da direbobin, in an natsu ya shigo ya ba ni kunya. Da ya ji an fara karanta sunaye sai ya matso jikin taga ta ƙarshe ya ji su wa aka rasa. Na bakwai shi ne.

"Ka tsaya a kaina, Na-Sama. Sauran ka wuce su da gudu. Nawa ka tsaya, ka yi gyaran murya sau biyu, ka cire tabarau. Na ce ashe dai. To in na shiga a lokacin, gaban mutanen nan duka, da wane ido za ka ƙarasa karatun? Sai Liman ya yi addu'a, mai kyau kuwa, na shafa. Na koma na ci shinkafar direbobi. Gishiri ya ɗan yi yawa."

Ya ce ya gaya wa direban da suka ci kwano ɗaya, don abin ya yi masa nauyi shi kaɗai.

Na ce shekara ashirin da biyar, kana zuwa shagon Cosmas, ba ka taɓa biyowa ba.

Ya ce, "Mamaci ake ziyarta, Malam. Ba shi ke zuwa ba."

Daga lasifika Munzali yana kan na ashirin da wani abu. Na so in ce wani abu mai tsawo. Abin da ya fito, "Ka yafe mini." Ya ce ya yafe tun a taga, saura dai ya ga ko zan zo, kuma na zo, da rediyon da ba ta lalace ba sosai.

"To yau ina zan zauna?"

Na ciro hular. Ya juya ta, ya sa. Ta zauna daidai.

Mun kai bakin zauren sai ya riƙe hannuna. Ya ce in ba shi littafin da biro. Ya buɗe shafin masu rai, ya nemo layinsa, ya rubuta a gefe da rubutun nan nasa mai kwanciya. "Sunan Maiturare ke nan," ya ce. "Kai wa Liman, kada ranar ta zo ku tsaya inda-inda."

Sauran ba sai na rubuta ba. Aka shafa addu'a muna shiga, shi ma ya shafa, wannan karon daga ciki. Nu'uman ya taso da tafiyarsa ta mai ɗauke da tire, ya zo rabin hanya ya tsaya yana goge tabarau, ya daɗe yana gogewa. Wanda jikarsa ke riƙe masa waya, da ba ya gane kowa tun safe, ya nuna shi da sanda ya ce, "Ga na ƙasa."

Yau da safe na ɗauko agogon bango na falo na naɗe a tsumma. Haulatu ta ce agogon nan lafiyarsa ƙalau. Na ce yana ɗan jinkiri. Ta ce minti nawa? Na ce Ɗantsoho zai duba. Ba don komai ba, dama ina son ganin kasuwar Kongolam sosai, rannan ban zaga ba.

Zancen tagar nan dai, direban tasha ya faɗa mini na yi dariya, Munzali ya faɗa na ce tsufa, Cosmas ya faɗa na ce ba ni fulogi. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe, a bakin ƙofa, da bakinsa, shi ne Sha'aban ɗan Malam Sadiq na Babban Mutum.